Asalin Kalma: Sana'a

Kalmar "sana'a" aro ce daga Larabci. Tushenta shi ne aikatau "sana'a", wato ya ƙera ko ya yi abu da hannunsa, wanda daga gare shi aka sami suna "sina'a". Hausa ta karɓe ta, ta yi mata jam'i irin nata, "sana'o'i", sannan ta tsiro da "masana'anta" don wurin sarrafa kaya da injina.

A bakin Bahaushe ma'anarta ta faɗaɗa. Ta ƙunshi duk abin da mutum ya riƙe yana cin abinci da shi: ƙira, jima, dukanci, saƙa, rini, fawa, wanzanci, har da noma da suyar ƙosai. Yawancinsu gadonsu ake yi, kuma suna da shugabanni irin su Sarkin Maƙera, Sarkin Fawa da Sarkin Aska.

A karofin Ƙofar Mata da ke Kano har yau marina na tsoma yadi cikin baba da toka. Wanda ya sayi turmi ɗaya a wurinsu, kuɗinsa kan ratsa hannun marini da mabugi da maɗinki. Sana'a ba ta ɗorewa sai da mai saye.