Jiri, Dishi-dishin Gani da Kasala Bayan Motsa Jiki: Nazarin Musabbabai

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin abin da ke sa mutum ya ji jiri, ganinsa ya yi dishi-dishi, gaɓoɓinsa su saki bayan motsa jiki. An dogara ne da bitar ayyukan masana aikin gaɓoɓi da likitocin wasanni. Nazarin ya nuna cewa taruwar jini a ƙafafu bayan tsayawa cak ita ce kan gaba, kuma lokacin da alamun suka bayyana ya fi tsananinsu nuna girman haɗari.

1.0 Gabatarwa

A filin ƙwallon unguwa, da zarar ɗan wasa ya dafe gwiwa ya ce duhu yake gani, sai a jingina shi da bango a miƙo masa ledar ruwa, a ce rana ce ko yunwa. Wani lokaci haka ɗin ne. Sai dai jinginar da shi a zaune, ƙafafu a ƙasa, na iya tsawaita matsalar, domin ba kullum ruwa ne ya yi masa ƙaranci ba.

2.0 Taruwar Jini a Ƙafafu

Zuciyar baligi a hutu tana tura kimanin lita 5 na jini a minti guda. Idan atisaye ya yi tsanani adadin kan kai lita 20 zuwa 25, kuma sama da kashi 80 cikin 100 na wannan jini tsokoki ne ke shanye shi, saboda jijiyoyinsu sun buɗe. Abin da ke mayar da jinin sama shi ne matsewa da sakin tsokar sha-raɓa da ta cinya a kowane taku, tamkar famfon tuƙa-tuƙa. Da mai gudu ya ja birki, famfon ya tsaya, amma jijiyoyin ba su riga sun tsuke ba. Jini ya kwanta a ƙafafu, abin da ke komawa zuciya ya ragu, ƙarfin jinin ya faɗi. Likitoci na ɗaukar faɗuwar maki 20 a lambar sama ta awon ƙarfin jini, ko 10 a ta ƙasa, cikin minti 3 da miƙewa a matsayin abin lura.

Ido ne ke fara kokawa, kuma da dalili. Cikin ƙwayar ido akwai matsin ruwa na maki 10 zuwa 21 wanda dole jini ya rinjaya kafin ya isa tantanin gani. Don haka idan ƙarfin jini ya yi ƙasa, ido yakan rasa rabonsa kafin ƙwaƙwalwa: launuka su dusashe, gefen gani ya rufe, sannan suma ta biyo baya.

Binciken Holtzhausen da Noakes da abokan aikinsu na 1994, kan tseren kilomita 56 a Afirka ta Kudu, ya gano cewa kashi 85 cikin 100 na waɗanda suka zube sun zube ne bayan ƙetare layin ƙarshe. Da ƙishirwa kaɗai ce sanadi, da a tsakiyar gudu za a fi faɗuwa, lokacin da jiki ya fi buƙatar jini. Maganin ba ya cin ko sisi: a rage gudu zuwa tafiya na 'yan mintoci, wanda jiri ya riga ya kama kuma a kwantar da shi rigingine a ɗaga ƙafafunsa.

Masu ɗaga ƙarfe suna da tasu hanyar. Riƙe numfashi yayin yunƙuri yana cilla ƙarfin jini sama (MacDougall ya auna 480/350 a jikin wani a 1985), da an saki numfashin sai ya rikito.

3.0 Ruwa, Zafi da Sukari

Gumi kan kai lita 1 zuwa 2 a awa, kuma asarar ruwan da ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki tana rage yawan jini, ta ƙara wa matsalar farko ƙarfi. Wannan ya shafi mai buga ƙwallon la'asar da azumi a bakinsa a watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, inda zafi ke haura digiri 40. Idan zafin cikin jiki ya zarce digiri 40 har mutum ya fara sambatu, a sanyaya shi da ruwa nan take, a garzaya asibiti.

Cika ciki da ruwa ma ba tsira ba ne. Almond da abokan aikinsa sun auna 'yan tsere 488 a gudun famfalaki na Boston na 2002, suka tarar gishirin jinin kashi 13 cikin 100 ya yi ƙasa, galibi saboda shan da ya wuce kima.

Faɗuwar sukari ƙasa da 70 a ma'auni tana zuwa da karkarwa da gumi mai sanyi. A ganin mai wannan nazari, ana ɗora mata laifi fiye da kima a kan masu lafiya. Wanda ta fi barazana gare shi shi ne mai ciwon suga da ke allurar insulin, don tana iya cim masa cikin dare, awanni bayan atisayen. Ƙarancin jini, irin wanda zazzaɓin cizon sauro ko sikila ke bari, yana sauƙaƙa aukuwar duk waɗannan.

4.0 Idan Alamun Sun Zo Ana Tsakiyar Wasa

A nan lissafin ya sauya, domin famfon ƙafafu yana aiki, don haka zuciya ake tuhuma. Samuel Okwaraji ya faɗi ana tsaka da wasan Nijeriya da Angola a Legas ranar 12 ga Agusta, 1989. Marc-Vivien Foé na Kamaru ya faɗi a Lyon ranar 26 ga Yuni, 2003, binciken gawarsa kuma ya nuna kaurin tsokar zuciya. Wanda jiri ya kama yana cikin gudu, ko ya haɗu da ciwon ƙirji, ko aka taɓa mutuwar fuju'a a danginsa tun da ƙuruciya, ya dakatar da atisaye har sai an yi masa awon bugun zuciya da hotonta. Dishi-dishin da ya kama ido ɗaya kawai, wanda Uhthoff ya bayyana irinsa a 1890 a masu ciwon jijiyar gani, na likitan ido ne da na jijiya.