Majigi: Daga Fitilar Gilashi Zuwa Allon Kwamfuta

Wannan makon za mu waiwayi majigi, domin hotonsa ya dawo yayi. Matasa masu haɗa bidiyo sukan ɗauko hoton tsohon majigi, su saka shi a After Effects ko Alight Motion, su sa faifansa na juyawa, haske na fita, su buɗe tallar fim ko ta littafi da shi. Wannan dabara ta motsa hoto ta girmi fim ɗin kansa.

Kalmar majigi ta fito ne daga majik, wato sihiri a Turanci, saboda Turawa suna kiran kakan na'urar fitilar sihiri. Ana danganta ƙirƙirarta ga Christiaan Huygens na ƙasar Holan wajen 1659. Zane ake yi a jikin gilashi, a haska shi a bango. In ana son motsi sai a haɗa gilashi biyu, ɗaya a tsaye, ɗaya ana ja ko ana juya shi da hannu. Abin da mai kwamfuta ke yi ke nan yau: ya yanke faifan daga jikin hoton ya ajiye shi a shimfiɗa daban, ya kafa masa cibiya a tsakiya, ya faɗa wa manhaja inda juyi zai fara da inda zai tsaya.

Ko bayan da 'yan uwan nan Lumière suka nuna fim ga 'yan kallo a Faris a Disambar 1895, hoton bai daina zama a tsaye ba. Majigi yana jawo hoto ɗaya, ya tsayar da shi gaban fitila, ya rufe hasken, ya jawo na gaba. Tun zuwan fim mai magana ake yin haka sau 24 a daƙiƙa ɗaya, ido kuma ya ɗauka motsi ne. Wanda ya san wannan zai sa haskensa ya riƙa ƙyaftawa. Zai kuma tuna cewa faifan da ke sakin fim yana ƙara sauri in ya rage, mai naɗewa kuma yana rage sauri in ya cika.

A Kano, gidan sinima na Rex ya buɗe a 1937, Palace kuma a 1952 cikin birni. Jama'a sun kira sinima dodon bango, ana ganinta wurin shashanci, gobarar El Duniya ta 1951 da ta ci mutane sama da 300 ta ƙara mata baƙin jini. Majigi kuwa na hukuma ne, kyauta ne, ga kowa. Garuruwan karkara irin namu na Gafasa, Ajingi da Gaya ba su da gidan sinima, don haka mutumin ƙauye ta majigi ya fara sanin fim. Mota ce ke zuwa da janareta, a kafa farin ƙyalle a filin gari, a jira duhu. Akan nuna labaran gwamnati da finafinan tsafta da noma irin Baban Larai. Daga baya gwamnatin Jihar Arewa ta yi amfani da shi wajen nuna ayyukan Sardauna.

Abu biyu ya shafe mu a nan. Na farko, William Sellers, jami'in lafiya a Legas wanda ya shugabanci sashen finafinan mulkin mallaka da aka kafa a 1939, ya shimfiɗa ƙa'ida cewa a riƙa yi wa 'yan Afirka fim a hankali, ba dabarun kyamara, wai ba za su gane ba. Wani ne ya yanke abin da zai motsa a gaban iyayenmu da yadda zai motsa. Yau wannan zaɓi yana hannunmu. Na biyu, tare da motar akwai mai fassara da lasifika, wanda ke ba hoton murya da Hausa. Magabacinmu ne a sana'a, amma da wuya ka ci karo da shi a littattafanmu.

Don haka aikin wannan makon: mu nemi dattijo ko dattijuwa da ta kalli majigi. Mu tambaya a ina aka kafa ƙyallen, wa ya zauna gaba, ina mata suka tsaya, me mai lasifika ya ce aka yi dariya. Mu rubuta shafi ɗaya da kalmominsu. Shekarunsu sun ja, kuma hoton majigin da muke saukewa daga intanet ba a garinmu aka ɗauke shi ba.

Allah ya ƙara wa alƙalumanmu albarka. Sai mako mai zuwa.