FASHIN BAƘI: Hotuna da kiɗan aro a bidiyoyin labaran Zamfara

Duk mai bibiyar labaran Shinkafi, Zurmi da Ƙaura Namoda a Facebook ko TikTok ya saba da wata siffa ta bidiyo. Jan allo zai wulga ɗauke da rubutun "Da ɗumi-ɗumi", taswira ta juya ta tsaya a kan wani ɗigo, ayarin babura ya keta ƙura, wani kiɗa mai nauyi ya tashi daga ƙasa, sannan murya ta fara bayanin abin da ya faru daren jiya. Sau da yawa muryar ce kaɗai sabuwa. Jan allon, taswirar, baburan da kiɗan duk an ɗauko su ne daga wani wuri.

Wurin da ake ɗauko su shi ne rumbunan kayan tace bidiyo da ke intanet, inda kamfanoni ke tara gajerun bidiyoyi, hotuna, kiɗa, ƙarar harbi ko ta ruwan sama, da zane mai motsi wanda aka riga aka tsara, mai tacewa ya canza rubutun kawai. Aro daga rumbu ba laifi ba ne, manyan gidajen talabijin ma suna yi kullum. Sai dai akwai tambayoyi biyu da ke rataye a wuyan mai aron: wa ya mallaki abin, kuma me mai kallo zai ɗauka yana gani. A arewacin Zamfara ta biyun ce ta fi nauyi.

Asalin rumbunan

Sana'ar ta girmi intanet da shekaru masu yawa. Kamfanin De Wolfe na Landan ya fara ne a 1909, yana samar wa gidajen silima kiɗan da za a raka finafinan da ba su da sauti. Daga baya gidajen rediyo da talabijin suka koma ajiye fayafayan kiɗa da aka yi musamman domin haya, ba domin sayarwa a kasuwa ba. Intanet ta buɗe wa kowa ƙofar. An kafa Getty Images a 1995, Shutterstock a birnin New York a 2003, Envato a Ostireliya a 2006, sai Epidemic Sound mai hayar kiɗa a Suwidin a 2009. YouTube ya buɗe nasa rumbun kiɗa na kyauta a 2013. Pexels da Pixabay, waɗanda kamfanin Canva ya saya a 2019, suna ba da hotuna da bidiyo ba tare da karɓar ko kwabo ba.

Matashin da ke tace bidiyo a Kurya Madaro ko Gusau ba lallai ya taɓa leƙa waɗannan shafuka ba. Nasa rumbun yana cikin wayarsa, a manhajoji irin su CapCut na kamfanin ByteDance, mai TikTok, da KineMaster ta Koriya ta Kudu. Can ne ake samun shiryayyen tsari: ka zuba hotunanka, manhaja ta jera su a kan bugun kiɗa. Masu kiɗan Kannywood sun san irin wannan tun shekarun 1990, lokacin da fiyanon Yamaha ya shigo sutudiyoyin Kano da sautukan da aka ajiye a cikinsa tun daga masana'anta.

Kyauta da sharaɗi

Abin da ake saya a rumbu izinin amfani ne, ba mallaka ba. Mafi yawan rumbunan kuɗi suna ba da lasisin da ake biya sau ɗaya, ko a yi rajistar wata-wata, a yi ta amfani da abin ba tare da biyan mai shi wani kaso duk lokacin da aka kalla ba. Turancin sunan wannan lasisi na ɗauke da kalmar da ke nufin kyauta, shi ya sa mutane da dama ke zaton babu kuɗi kuma babu sharaɗi. Akwai duka biyun.

Lasisin Creative Commons, da ya fara fita a 2002, yana zuwa da haruffa masu bayyana iyakarsa. BY na nufin dole a ambaci mai aikin. NC ya hana neman kuɗi da shi, kuma shafin da ke samun kuɗin talla na iya faɗawa cikin wannan hani. ND ya hana a yaɗa shi bayan an sauya shi. CC0 ne kaɗai mai shi ya sakar wa duniya gaba ɗaya.

Akwai kuma sharaɗin da ya shafi matasan da ke yi wa 'yan takara aikin kafafen sada zumunta kai tsaye. Ƙa'idojin Shutterstock sun hana a ɗauki fuskar mutumin da ke cikin hoton haya a nuna shi a tallan jam'iyya ko ɗan takara. Wasu hotunan kuma an yi musu alamar cewa na labarai ne kawai, ba a tallata komai da su. Haka nan kiɗan da ke cikin wata manhaja ba lallai izininsa ya bi mutum zuwa wani dandali ba. Abin da ya halatta a TikTok na iya jawo ƙorafi a YouTube.

Tsada na da hannu a cikin karya waɗannan ƙa'idoji. Da dala ake biyan rajista, ita kuwa dalar da ke kusan naira 460 a farashin gwamnati kafin Yunin 2023 ta haura naira 1,400 a farkon 2024. Don haka manhajojin da aka fasa kullensu da kiɗan da aka kwaso ba izini suke yawo daga waya zuwa waya.

Abin da doka ta ce

Dokar Haƙƙin Mallakar Fasaha ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a Maris 2023, ta maye gurbin tsohuwar dokar 1988. Ta kare waƙa da kiɗa har tsawon shekara 70 bayan rasuwar mai su, ta kare hoto, fim da sautin da aka naɗa na shekara 50 daga lokacin da aka fara fitar da su. Ta kuma tanadi hanyar da mai haƙƙi zai nemi a sauke aikinsa daga intanet. Akwai sassauci ga mai kawo rahoton abin da ke faruwa ko mai sharhi a kan aikin kansa, amma ɗora waƙar wani a ƙarƙashin bidiyo don kawai ta ƙawata shi ba sharhi ba ne.

Wannan ya shafi abin da mutane da yawa ke ɗauka gadon kowa ne. Musa Ɗanƙwairo, haifaffen ƙasar Bakura, ya rasu a 1991, ke nan bisa lissafin dokar waƙoƙinsa na ƙarƙashin kariya har ƙarshen 2061. Tsufan kaset ba ya kashe haƙƙin magada.

A aikace dai, kafin mutum ya ga kotu ya ga na'ura. Tun 2007 YouTube ke da tsarin Content ID, wanda ke gwada duk bidiyon da aka ɗora da samfurin da masu haƙƙi suka ajiye. Idan ya dace, mai haƙƙin na da zaɓi: ya toshe bidiyon, ya karɓe kuɗin tallansa, ko ya bar shi yana lura da adadin masu kallo. Wannan daban yake da gargaɗin da ke biyo bayan ƙorafi na doka, wanda idan ya kai uku cikin kwana 90 ana iya rufe tashar baki ɗaya. Facebook ma yana kashe sautin bidiyon da ya gano kiɗan wani a ciki. Ga shafin da ya ajiye shaidar mazauna wani ƙauye da aka kai wa hari, rasa tasha saboda daƙiƙa talatin na kiɗa ba ƙaramar asara ba ce. Tsarin kuma ya fi kare wanda ya yi rajista: makaɗin kalangu da bai san da zaman Content ID ba, ba abin da zai shiga aljihunsa ko da bidiyo dubu sun hau kan kiɗansa.

Inda kyamara ba ta zuwa

Hoton gaskiya daga dazukan Zamfara yana da tsada, kuma ba tsadar kuɗi kaɗai ba. Hanyar Ƙaura Namoda zuwa Shinkafi ta yi shekaru tana cikin hanyoyin da matafiya ke bi da fargaba. A farkon Satumban 2021 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta umarci kamfanoni su katse layukan waya a faɗin jihar, aka yi makonni ba mai iya aiko da hoto daga Zurmi ko Shinkafi sai ya fita jihar. Waɗanda suka kutsa daji suka ɗauko na gaske kuwa sun ga sakamako. A Maris 2022 Trust TV ta nuna shirin da ya ƙunshi hirar Abdulaziz Abdulaziz da Bello Turji. A Yulin shekarar BBC Africa Eye ta fitar da nata shirin, wanda Yusuf Anka ya ɗauka a Zamfara. Da shigowar Agusta, hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin ta ci tarar Trust TV naira miliyan biyar, ta ci kamfanonin da suka haska shirin BBC, ciki har da MultiChoice da StarTimes, irin wannan adadi, bisa zargin kambama ta'addanci.

Shi kuwa hoton aro ba haɗari, ba tara. Mai tacewa yana da murya ta minti biyu, allo kuma ba ya zama babu komai, sai ya cike shi da abin da ya samu: ƙauye na cin wuta daga wata ƙasa, sojoji a wani atisaye na shekarun baya, babura daga Mali ko Burkina Faso. Galibi ba da niyyar yaudara ba. Amma wanda ke Kano ko Legas, mahaifiyarsa na Moriki, ba ya ganin ciko. Gidajen garinsu yake gani suna ƙonewa, kuma a kan haka zai buga waya, ya tura wa dangi, ya yanke hukunci a kan waɗanda yake zargi.

Najeriya ta riga ta ga inda wannan hanya ke kaiwa. Bayan kashe-kashen Yunin 2018 a Barikin Ladi ta Jihar Filato, hotunan gawarwaki sun cika Facebook. Binciken da BBC ta wallafa a Nuwamban shekarar ya gano cewa ɗaya daga cikin hotunan da suka fi yawo an ɗauke shi ne a Kongo Barazabil tun 2012, 'yan sandan jihar kuma suka ce irin waɗannan hotuna sun taimaka wajen tunzura ramuwar gayyar da ta ci rayukan matafiya a kan hanya. A yankin da rikici ya riga ya ɗauki launin Hausawa da Fulani, 'yan sa-kai da 'yan bindiga, hoto guda da aka jingina wa garin da ba nasa ba ya isa ya zama makamashi.

'Yan siyasa masu kuɗi ma suna faɗawa ramin. A Janairun 2016 tallan talabijin na farko na Donald Trump ya yi maganar iyakar Amurka da Meziko, alhali mutanen da aka nuna suna tururuwa a kan iyakar Maroko da garin Melilla na Sifaniya suke. A Satumban 2020 wani tallansa na neman a mara wa sojojin Amurka baya ya fito da hoton rumbu wanda jiragen cikinsa samfurin MiG-29 ne na Rasha. Can abin ya tsaya a dariya. A nan, asibitin aro ko titin aro a bidiyon "ayyukan mai girma" na iya zama abin da mai zaɓe zai dogara da shi, domin ba shi da halin zuwa ya gani da idonsa.

Zane mai motsi yana da tasa illar, mai wuyar ganewa. Taswira mai juyawa, lambobi masu hawa da tambari mai walƙiya suna ba bidiyo kwarjinin gidan labarai. Da ɗan kuɗi kaɗan, ko ma kyauta, shafin da mutum ɗaya ke gudanarwa daga ɗakinsa zai yi kama da tashar da ke da wakilai da editoci. Adadin mamata da aka ji a bakin wani, idan aka rubuta shi da manyan haruffa a ƙasan allo, sai ya koma kamar an ƙidaya.

Kiɗa ba ɗan rakiya ba ne

Mutanen wannan yanki ba sa buƙatar a koya musu ƙarfin kiɗa. Ƙasar Kassu Zurmi ce, wanda gangarsa ke tayar da tsimin 'yan tauri da mafarauta, maƙwabciyar Isa inda Narambaɗa ya yi wa Sarkin Gobir waƙa. Sun san kiɗa na ɗaga mutum, yana kuma iya tura shi ya aikata abin da bai shirya ba. Shi ya sa waƙar yabon da aka yi wa Bello Turji a ƙarshen 2021 ta tayar da ƙura har aka yi ta kiran a kama mawaƙin.

Rumbunan kiɗa suna jera kayansu ne bisa yanayin zuci: fargaba, baƙin ciki, nasara, jarumta. Wato mai tacewa yana zaɓar abin da mai kallo zai ji ne tun kafin ya ji bayani. Hoton 'yan bindiga a kan babura da kiɗan jarumta a ƙarƙashi talla ce gare su, ko da muryar tana la'antarsu. Uwar da ke ba da labarin ɗanta da aka sace, in aka lulluɓe maganarta da goge mai sa kuka, ta tashi daga mai ba da shaida ta koma 'yar wasa a fim ɗin wani. Wannan ne dalilin da ya sa rahotannin cikin labaran manyan tashoshi galibi ba su da kiɗa, sai sautin wurin da aka ɗauka.

Alamar da ke raba ciko da shaida

Gidajen labarai masu kula da sunansu sun daɗe da maganin matsalar, kuma ba shi da tsada: rubutu a kusurwar allo mai cewa "tsohon hoto" ko "hoton misali", wanda zai tsaya muddin hoton na kan allo, tare da wuri da shekara idan an san su. A saka shi cikin bidiyon kansa, domin bayanin da aka rubuta a ƙasa ba ya bin bidiyo zuwa WhatsApp. Ga labarin hari kuwa, taswira marar ado ko baƙin allo da rubutu sun fi ƙauyen wasu gaskiya. Tun Maris 2024 YouTube ya wajabta a bayyana idan an ƙirƙiri hoto mai kama da na gaske da ƙirƙirarriyar basira, wadda ita ce sabon rumbun da ba ya ƙarewa.

Mai kallo ma yana da abin yi kafin ya tura. Ya tsayar da bidiyon, ya ɗauki hoton allo, ya saka a Google Lens ko TinEye ya ga ko ya taɓa fitowa a wata shekara ko wata ƙasa. Ya dubi lambar mota, kakin soja, ginin gidaje da launin ciyawa: korayen gonaki a bidiyon da aka ce na watan Maris ne a Zurmi abin tuhuma ne. Masu tantance labarai irin su Dubawa, Africa Check da Alƙalanci, wadda ke aikinta da Hausa, suna wallafa sakamakon binciken irin waɗannan bidiyoyi, kuma ana iya tura musu wanda ake shakka a kansa.