Wasa da Gasa: Wasannin Kalmomi da na Karta Daga Unguwar Hausawa ta New Bell Zuwa Zauren Gasar Duniya

1.0 Gabatarwa

A rubuce, harafi ɗaya ne ya raba kalmar "wasa" da kalmar "gasa". Wannan takarda za ta dubi abin da ke faruwa ga wasannin kalmomi da na karta idan suka tashi daga hira suka koma gasa mai alƙali, da agogo, da littafin doka. An ɗauki unguwar New Bell da ke birnin Duwala a ƙasar Kamaru a matsayin wurin tsayawa, domin a nan Bahaushe yake zaune tsakanin Faransanci da Ingilishi, harsunan da ake yin manyan gasannin kalmomi da su a Afirka.

2.0 Kafuwar New Bell

A watan Yuli na 1884 sarakunan Duwala, wato Bell da Akwa, suka sa hannu a yarjejeniya da Jamusawa. Daga 1910 hukumar Jamus ta fara shirin ƙwace filayen bakin kogin Wuri domin ta mayar da su unguwar Turawa, ta kuma tura 'yan ƙasa can baya, a bar fili mai faɗin kilomita 1 tsakaninsu. Ɗaya daga cikin sababbin matsugunan shi ne New Bell. Sarki Rudolf Duala Manga Bell ya ja da wannan shiri, Jamusawa suka rataye shi ranar 8 ga Agusta, 1914. Kafin ƙarshen watan Satumba na shekarar birnin ya faɗa hannun sojojin Ingila da Faransa, daga 1916 kuma ya zama ƙarƙashin Faransa.

Da yake yawancin 'yan asalin garin sun ƙi tarewa a can, sai New Bell ta zama unguwar baƙi: Bamileke, da Basa, da Ewondo, da Hausawa fatake da mahauta da masu sayar da tufafi. A kudancin Kamaru akan kira kusan duk Musulmin da ya fito daga arewa "Bahaushe", ko da Bafillace ne ko Babarbare. Tun daga 1961, lokacin da kudancin ɓangaren da Ingila ta riƙe ya haɗu da wanda Faransa ta riƙe, Faransanci da Ingilishi su ne harsunan hukuma. Saboda haka yaron unguwar Hausawa yakan ji Hausa ko Fillanci a gida, Larabci a makarantar allo, Faransanci a makarantar boko, Ingilishin kasuwa kuma a titi.

3.0 Wasannin Kalmomi na Gargajiya

Duk inda Hausawa suka kafa zango sukan je da wasanninsu na baka. Akwai kacici-kacici, da gagara-gwari, da zaurance, inda ake juya gaɓoɓin kalma ko a cusa wata gaɓa a tsakani, misali "tuwo" ya koma "wotu". Dukkansu akwai ja-in-ja a ciki, domin wani yakan ci, wani yakan faɗi. Sai dai yana da kyau a lura da irin hukuncin. Wanda ya kasa warware kacici-kacici yakan ce, "Na ba ka gari." Mai tambaya ya karɓi Kano ko Katsina, ko ya raina garin da aka ba shi ya nemi wanda ya fi shi, a yi dariya, sannan ya faɗi amsa. Garin na fatar baki ne, ba a rubuta shi, gobe kuma ba wanda zai tuna.

Abubuwa uku ne suka riƙe wannan irin wasa. Na farko, masu sauraro su ne alƙalai. Na biyu, ma'ana ita ce jari, domin ba a warware kacici-kacici sai an san abin da kalma take nufi da abin da take ɓoyewa. Na uku, ladan wasan shi ne dariyar da aka yi tare.

4.0 Karta

Karta baƙuwa ce. Ta shiga Turai daga Masar ta zamanin Mamluk a wajejen shekarun 1370, daga Turai kuma ta biyo jiragen ruwa zuwa gaɓar Afirka ta Yamma. Wadda ta fi kama ƙasa a Nijeriya ita ce Whot, wadda William Henry Storey ya fitar a Ingila a 1935, kamfanin Waddingtons kuma ya yaɗa ta. Tana da kati 54, a cikinsu akwai masu siffa biyar: da'ira, da mai kusurwa uku, da mai kusurwa huɗu, da gicciye, da tauraro, sai kati 5 masu lamba 20 waɗanda ake neman kowace siffa da su.

A wasan gida kowace majalisa da dokarta. Wasu sukan yarda a kare katin "ɗauki biyu" da irinsa, wasu ba su yarda ba, kuma gardamar da ake yi a kan haka wani ɓangare ne na daɗin zaman. Da zarar an ce za a ƙirga lambobin da suka rage a hannu a fitar da wanda nasa suka fi yawa, sai salon wasan ya sauya. Katin tauraro ninki biyu ake ƙirga shi, mai lamba 20 kuma yana iya kayar da mai riƙe da shi, don haka ɗan wasa yakan yi sauri ya zubar da manyan katuna, ya riƙa haddace abin da ya riga ya faɗi ƙasa. Hira takan ragu, domin mai lissafi ba ya son surutu.

Idan kuɗi suka shiga, an bar wasa an koma caca, wadda Alƙur'ani ya hana a aya ta 90 ta Suratul Ma'ida. Wannan ne ya sa iyaye a unguwannin Musulmi suke kallon karta da ido ɗaya, ko da ba a sa ko kwabo ba.

5.0 Scrabble a Harsuna Biyu

Wani mai zanen gine-gine ɗan Amurka, Alfred Butts, shi ya ƙago wasan a shekarun 1930. Ya ƙirga yawan fitowar kowane harafi a jarida, ya ba haruffan da ba su cika fitowa ba maki mai yawa. A 1948 James Brunot ya yi masa rajista da sunan Scrabble. Allon yana da gida 225, kowane ɗan wasa yana riƙe da harafi 7, wanda ya zuba su duka a lokaci ɗaya kuma yana samun ƙarin maki 50.

Masu Faransanci ne suka riga shirya gasar duniya, a birnin Kan na Faransa a 1972. Wani lauya ɗan Beljiyam, Hippolyte Wouters, ya fito da tsarin da ya kawar da sa'a gaba ɗaya: alƙali yana kiran haruffa iri ɗaya ga kowa, kowane ɗan wasa yana zaune shi kaɗai da allonsa, ana ba shi minti 3 ya rubuta kalmar da ta fi maki. Zaure cike da ɗaruruwan mutane yakan yi tsit kamar ɗakin jarrabawa. A 2008 an yi wannan gasa a Dakar. Ta Ingilishi kuwa an fara ta a Landan a 1991, ana yin ta mutum biyu gaba da gaba, kowa da minti 25 a agogo. Nijeriya ta amince da Scrabble a matsayin wasan hukuma tun farkon shekarun 1990.

Abubuwa biyu da suka faru a 2015 sun ishi ɗalibin harshe darasi. A watan Yuli, Nigel Richards ɗan ƙasar Niyu Zilan ya ci gasar Faransanci ta gaba da gaba a Beljiyam, inda ya doke Schélick Rekawe ɗan Gabon. Richards ba ya jin Faransanci. Jerin kalmomin ya haddace cikin mako 9. A watan Nuwamba kuma Wellington Jighere ɗan Nijeriya ya doke Lewis Mackay ɗan Ingila da ci 4 da nema a birnin Perth na Ostireliya, ya zama ɗan Afirka na farko da ya ci gasar Ingilishi. An san 'yan wasan Nijeriya da fifita gajerun kalmomi waɗanda ke toshe wa abokin karawa hanya a kan dogayen da ke burge 'yan kallo.

6.0 Abin da Gasa ta Sauya

Sauyi na farko shi ne alƙali. A dandali jama'a ke yanke hukunci, a gasa kuwa littafi ne. Ɗan wasan Duwala da ke yi da Faransanci yana bin ƙamus ɗin Scrabble na kamfanin Larousse, wanda aka fara bugawa a 1989, mai yi da Ingilishi kuma yana bin jerin Collins. Kalmar da duk New Bell ta sani, in ba ta cikin littafin, an soke ta. Kalmar HAOUSSA tana cikin na Faransanci, kuma harafi 7 ce cif, amma HAUSA ba ta halatta a Ingilishi domin ana fara ta da babban harafi.

Sauyi na biyu shi ne matsayin ma'ana. Nasarar Richards ta nuna cewa a zauren gasa kalma jerin haruffa ce mai farashi. Sauyi na uku shi ne tunawa: ana rubuta maki, ana jera sunaye bisa ƙwarewa, faɗuwar yau tana bin mutum zuwa baɗi. Wanda ya kai wannan mataki yakan rasa abokan wasa a gida, domin ba mai son zama da wanda kullum shi ke ci, shi kuma wasan da ba lissafi ya daina gamsar da shi.

Duk da haka gasa ta zo da nata daɗin. Akwai daɗin gano kalmar da ta fi kowace maki kafin agogo ya cika, akwai kuma adalcin da ya ba ɗan Afirka damar doke Bature a harshen Baturen, tunda littafi ɗaya ne ke hukunta kowa.

7.0 Kammalawa

Tambayar da ta rage ga ɗalibi ita ce yadda lamarin zai kasance in an so a yi irin wannan gasa da Hausa. Akwatin Faransanci mai harafi 102 ba zai yi ba. A cikinsa K da W da Y guda ɗai-ɗai ne, kowanne maki 10, alhali suna cikin haruffan da Hausa ta fi amfani da su. E kuwa har 15 ne, ga shi babu ɓ da ɗ da ƙ. Dole a sake ƙirga haruffa kamar yadda Butts ya yi, a kuma yanke shawara ko "sh" da "ts" harafi ɗaya ne ko biyu. Bayan haka sai a zaɓi littafin da zai zama alƙali, ko ƙamus ɗin Bargery na 1934, ko na Jami'ar Bayero na 2006, bisa ƙa'idojin rubutu da aka tsayar a tarurrukan Bamako na 1966 da Yamai na 1980.

Nan ne gizo ke saƙar. Hausar ƙasashen da Faransa ta mulka tana da nata kalmomin aro, kamar "lakwal" da mutanen Nijar ke faɗa a madadin "makaranta". Idan ƙamus ɗin gasa ya tsaya ga Hausar Kano kaɗai, yaron New Bell zai zuba kalmar da ya ji a bakin mahaifiyarsa, alƙali ya ce babu ita. Saboda haka duk mai son shirya gasar kalmomi da Hausa, aikinsa na farko shi ne tattara kalmomin zango-zango, daga Duwala har Kumasi, kafin ya sayi agogo.