Soriyasis: Tarihin Binciken Ciwon da Tambarin RNA

Soriyasis ciwon fata ne mai tashi ya lafa, wanda ke fitar da tabo mai kauri da ɓawo fari-fari a gwiwa, gwiwar hannu, tsakar kai da gadon baya. A baƙar fata ba ya yin ja yadda littattafan Turai suka zana shi, ya fi karkata ga toka-toka ko shuɗi mai duhu, shi ya sa ake yawan ɗaukarsa kirci ko makero. Ba a ɗaukarsa daga jikin wani.

An daɗe ana haɗa shi da kuturta. Wasu na danƙa wa Robert Willan na Ingila lambar gano shi a 1808, amma shi ma da sunan kuturta ya kira wani nau'insa. Shekarar da ta fi cancanta ita ce 1841, lokacin da Ferdinand von Hebra na Biyana ya raba shi da kuturta. A shekarun 1960 aka auna cewa ƙwayoyin saman fata, waɗanda kan ɗauki kusan wata guda kafin su sabunta, a wurin ciwon kwana uku zuwa huɗu suke yi. A 1979 aka ga maganin ciclosporin, mai danne garkuwar jiki, yana share ɓawon, sai hankalin likitoci ya koma kan garkuwa.

Tambayar da ta rage ita ce abin da ke sa ƙwayar fatar ta amsa kiran garkuwar da irin wannan gaggawa, kuma a nan RNA ya shigo. RNA shi ne saƙon da ƙwaya ke kwafowa daga DNA don ƙera furotin. A 1974 aka gano cewa ana liƙa wa harafin A na saƙon wani ɗan tambari mai suna m6A, kamar yadda wasali ke sauya karatu ba tare da an taɓa baƙi ba. Maganar ta kwanta shekaru, domin babu hanyar gano inda tambarin yake zama. A 1997 aka tantance furotin METTL3, mai liƙa shi. A 2011 ɗakin binciken Chuan He a Jami'ar Chicago ya nuna furotin FTO na goge shi, a 2013 aka ƙara da ALKBH5. Wannan ne ya tayar da fagen, tunda abin da ake liƙawa a goge, jiki na iya sarrafa shi. A 2012 ƙungiyoyi biyu, a Tel Abib da New York, suka fitar da taswirar inda tambarin yake zama. A 2020 ɗakin Elaine Fuchs a Jami'ar Rockefeller ya nuna ɓerayen da aka cire wa METTL3 a fata ba sa gina tushen gashi daidai. A shekarar ce masu bincike a Beijin suka kwatanta tambarin a fatar masu soriyasis da ta masu lafiya, suka sami bambanci mai yawa. Rahotannin da suka biyo baya sun saɓa kan ko METTL3 raguwa yake ko ƙaruwa, kuma galibinsu a ɗakin gwaji da jikin ɓeraye aka yi su.

A Nijeriya abin da aka fi rubutawa ƙidayar marasa lafiya ce a asibiti, wadda ta nuna ciwon bai kai yawansa na Gabashin Afirka ba.