Azurfar 1780 da ke ƙullin Kaka

Hutun da ya wuce kuɗin rajista ya gagare mu. Kaka ta jawo ni ɗaki, ta kwance wani ƙullin tsumma, ta miƙo min kuɗin azurfa mai nauyi. Gefe ɗaya hoton wata Baturiya da lulluɓi, ɗaya gefen gaggafa mai kai biyu da lambar 1780. An huda shi ta sama, alamar ya sha rataya a wuya. Ta ce in kai kasuwa.

Wallahi 'yan uwa, na ɗauka kakata ta yanke saƙa. Ko garin Kontagora da Umaru Nagwamatse ya kafa bai kai wannan shekarar ba fa!

Da na bincika sai jikina ya yi sanyi. Matar ita ce Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya, kuma 1780 shekarar rasuwarta ce. Fatake daga Yaman zuwa Habasha har Barno da Kano sun saba da wannan fuskar, in aka sauya komai a jiki ba sa karɓa. Don haka aka ci gaba da buga shi da 1780 ɗin nan, a Biyana, daga baya har Landan, Roma da Bombay. Yanzu haka ana bugawa. Na Kaka yana iya zama sa'anta ma.

Abin da fatake suka yarda da shi awo ne: kimanin giram 28, kashi 83 cikin ɗari azurfa. Mu kuwa wuri muke kashewa. Baturen nan Barth da ya zo Kano a 1851 ya tarar ana canjin guda ɗaya a kan wuri 2,500. Ka ƙiyasta wahalar ƙirga wannan, sannan ka ɗora wa jaki. Sunansa na asali "tala", tushensu ɗaya da dalar Amurka da muke kuka da ita. Bayan Turawa sun kawo sule da sisi, ya koma kayan adon mata da abin narkarwar maƙera.

Na kai wa wani maƙerin farfaru. Ko kallon shekarar bai yi ba, ya ɗora a sikeli, ya ce zobba uku zai fitar. Kuɗin bai kai rabin rajistar ba.

Na mayar wa Kaka, na je na durƙusa wa kawuna. Da daddare na tambaye ta inda ta samo shi. Ta ce na uwarta ne, da shi aka kai ta ɗakin miji.