Edwige Fenech: Daga Annaba Zuwa Finafinan Giallo na Italiya

An haifi Edwige Fenech ranar 24 ga Disamba 1948 a Bône, garin da yau ake kira Annaba a Aljeriya, lokacin ƙasar tana hannun Faransa. Mahaifinta ɗan asalin Malta ne. Daga baya iyalin suka koma birnin Nis a kudancin Faransa, inda gasar sarauniyar kyau ta buɗe mata ƙofar sinima a 1967.

Da farko ba a ba ta wani abin a zo a gani ba, sai ƙananan finafinan barkwanci a Jamus ta Yamma. Tauraronta ya haska ne a Italiya, a finafinan kisan gilla da ake kira giallo, waɗanda suka gaji sunansu daga littattafan bincike masu rawayan bango da kamfanin Mondadori ya soma bugawa a 1929. Darakta Mario Bava ya saka ta a wani fim ɗinsa na 1970, amma darakta Sergio Martino ne ya gano abin da ke cikin idanunta.

A fim ɗin Martino "Lo strano vizio della signora Wardh" na 1971, ta fito a matsayin Julie, matar wani jami'in diflomasiyya a Vienna. Wani mai kisa da aska yana yanka mata a gari, tsohon saurayinta kuma yana ta aiko mata da jajayen furanni. Tsoro ya kama ta, amma zuciyarta ba ta gama rabuwa da wanda ya azabtar da ita ba. Fenech ta nuna wannan ruɗanin da kallo kawai, ba tare da dogon surutu ba, kuma nan ne gwanintarta take. A 1972 ta sake haɗuwa da Martino da ɗan wasa George Hilton a "Tutti i colori del buio", inda wani mai shuɗin ido ke bin ta har cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan.

Da kasuwar giallo ta ja baya, ta koma barkwanci, sannan talabijin, har ta gabatar da bikin waƙa na Sanremo a 1991. Daga nan ta zama furodusa, tana cikin waɗanda suka shirya "The Merchant of Venice" na 2004, wanda Al Pacino ya fito a ciki.

Matasan daraktocin Amurka da suka taso da kaset ɗin finafinanta ba su manta da ita ba. Eli Roth ya gayyato ta "Hostel: Part II" a 2007, Quentin Tarantino kuma ya sa wa wani janar suna Ed Fenech a "Inglourious Basterds" na 2009.